Yaya Ba Ta Ribas

Mu biyar mahaifiyarmu ta haifa, Yaya ce babba, ni ce auta. Da za a jera mu a ce a nuna wanda zai tuƙa mota wata rana, Yaya ce ta ƙarshe da yatsa zai sauka a kanta. Ko keke ba ta taɓa hawa ba. In ta shiga motar haya a gida, tun daga tasha take riƙe kujerar gabanta da hannu bibbiyu tana salati har a sauka. Aikinta jinya ne. Ta daɗe a ɗakin tsofaffi na asibiti, tana juya su, tana yi musu wanka, tana ba su abinci a baki. Hannunta akwai laushi, bakinta ne dai babu.

Mijinta kuwa direba ne tun kafin gemu ya fito masa. Mai Tirela kowa ke ce masa, har 'ya'yansa in ba ya kusa. Ba a zama da shi a tashi ba a ji labarin yadda ya taɓa shigar da tirela maƙare da siminti cikin wani lungu da baya, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana ɓare gyaɗa ba. Duk shekara lungun ƙara matsewa yake yi.

Yaya ce ta fara samun aiki a ƙasar waje, shi da yaran suka bi ta daga baya. Ni ma bayan an kwana biyu na bi sahu, na samu aikin wanki da guga a wani otal a birni. Su kuwa can karkara aka jefa su, wani ɗan gari mai kanti ɗaya da tashar jirgin ƙasa da ba kowane jirgi ke kula ta ba.

Ofishin da ya ɗauke ta, aikinsa tura masu jinya gidajen tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Gidajen a warwatse suke cikin gonaki, wannan a kan tudu, wancan a bayan kwari. Ranar farko shugabar ofishin ta tambaye ta ko ta iya mota.

"Mijina ya iya," in ji Yaya.

"Mijin naki ne zai yi wa tsofaffin wanka?"

Da ta dawo gida ta ba da labari, Mai Tirela ya yi dariya har da tari. "Ke da mota? Kwantar da hankalinki, Maman yara. Bari in je in karɓo lasin ɗinsu, ni zan riƙa kai ki ina ɗauko ki. Wannan ai kamar a ce wa kifi ya zo gwajin iyo ne."

Ya je. Kafin su fita daga harabar wurin gwajin ya danna hon wa wata tattabara, ya danna wa wani mutum da ya ce ya yi masa kama da wani tsohon yaron motarsa, ya ƙara dannawa don, in ji shi, motar ta san an fara aiki. Aka kayar da shi. Ya koma, ya fito da gwiwar hannu ta taga, ya wuce wata motar a kan kwana. Aka sake kayar da shi. Zuwa na gaba, mai gwajin ya ce masa ya rage gudu, sai ya juyo gaba ɗaya ya bar kallon hanya, ya ce, "Yaro, ranar da na fara tuƙi ko auren uwarka ba a ɗaura ba." Da Hausa ya faɗa, amma muryar ba ta buƙaci tafinta ba.

Ita kuwa Yaya shiru ta yi ta samu wata malamar tuƙi, mace mai haƙurin gaske. Ta koyi gaba, ta koyi birki, ta koyi kwana. Ribas ne ya ƙi shiga kanta. In ta juya sitiyari dama sai bayan motar ya tafi inda ba ta aike shi ba. Da malamar ta gaji, sai ta kai ta wani fili a bayan tasha ta ce, "Kin ga falwayar can? In ta bayyana a madubinki, ki murɗa sitiyari har ƙarshe." Yaya ta haddace kamar karatun allo. Ranar gwaji, Allah da ikonsa, filin nan aka kai ta, gaban falwayar nan. Ta dawo gida da lasin, ta ajiye shi a kan tebur kusa da kwanon abincin Mai Tirela. Ranar bai ƙara miya ba.

Ta sayi wata 'yar ƙaramar mota ruwan ɗorawa, ta hannu, ta fara aiki.

Hanyoyin karkarar nan ba irin waɗanda muka saba ba ne. Kwalta ce sumul, ba rami ko ɗaya, amma faɗinta bai fi tabarma biyu ba, kuma ta kowane gefe shingen itatuwa ne da ya fi mutum tsayi, da lambatu a gindinsa. Ba ka ganin abin da ke bayan kwana sai kun kusa haɗa hanci. Jefi-jefi an ɗan buɗa gefen hanya, an bar wurin raɓewa. In mota biyu suka yi kiciɓis, wanda wurin raɓewa ya fi kusa da bayansa shi ke ja da baya. Ba a rubuta a ko'ina ba, amma ko tumakin wurin sun sani.

A satinta na farko ta haɗu da tankar madara. Direban ya tsaya, ya yi mata nuni da hannu cewa ta ja baya kaɗan. Yaya ta yi bisimilla, ta sa ribas, ta duba madubi tana neman falwaya. Babu falwaya. Ta murɗa sitiyarin a haka, sai ji ta yi bayan motar ya zauna cikin lambatu, hancinta yana kallon sama. Mai tankar, wani ƙato mai jar fuska, ya sauko da igiya ya jawo ta. Kafaɗunsa sai rawa suke yi don dariya. Ta ce mini dariyar ba ta dame ta ba kamar yadda ta isa gidan wani tsoho a makare, ta tarar da shi zaune a kujera da cokali a hannu yana jiran karin kumallo.

A daren ta kira ni a waya. "Auta, ki shaida. Daga yau ni da ribas sai a lahira."

"To in kin haɗu da mota fa, Yaya?"

"Allah da ya kawo shi, shi zai mayar da shi."

Haka kuwa aka yi. In ta haɗu da mota, sai ta taka birki, ta ja birkin hannu, ta kashe inji, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta saki murmushi. In mutum ya haska mata fitila, ta ɗaga masa hannu kamar gaisuwa ya yi. In ya fusata ya sauko, ta sauke gilashi ta fara gaishe shi da ɗan yarensu da ta iya: ya gida, ya iyali, ya shanu, ya ƙafar mama, ta daina kumburi? Abin da ya taimake ta ke nan, domin rabin mutanen yankin suna da uwa ko kawu ko kaka da Yaya ke yi wa wanka. Wa zai yi wa mai yanke wa uwarsa farce tsawa? Sai mutum ya sosa ƙeya ya koma motarsa ya ja baya, wani lokaci tafiya mai nisa, ita tana biye da shi a hankali tana sa masa albarka.

"Ba ki jin kunya?" Mai Tirela ya tambaye ta wata rana.

"Mai haƙuri shi ke da riba," in ji ta. "Marar haƙuri shi ke da ribas."

Kafin shekara ta zagayo, an san motar ruwan ɗorawa a duk yankin. Mai raba wasiƙu in ya hango ta daga kan tudu, tun kafin ta iso yake neman wuri ya raɓe ya jira. Likitan dabbobi ma haka. Tsofaffinta kuwa sun san ƙarar injin. Akwai wani da ya yi kiwon tumaki duk rayuwarsa, ya manta sunayen 'ya'yansa, amma da ya ji motar ta shigo sai ya fara lalubar tsefe yana gyara gashi. Yaya takan ce mini in tana shafa masa mai a ƙafa sai ta tuna mahaifinmu, wanda ya rasu tana nan ba ta samu zuwa ba. Ba ta cika tsayawa kan wannan maganar ba. Sai ta share ido ta koma zagin ruwan sama.

Mai Tirela ya samu aiki a wata rumfar tantance dankali, kuma Yaya ce ke sauke shi kowace safiya. Yana zaune a kujerar mai zaman banza, ƙafarsa tana taka birkin da babu shi.

"Saka giya ta uku mana, kina kashe injin nan."

"Malam, lasin ɗin wa ke cikin motar nan?"

Sai ya juya ya kalli shinge.

Wata Asabar na hau jirgi na je musu kwana biyu. Yaya ta ji labarin wani keken ɗinki da za a sayar a wata gona, ta ce mu je mu gani. Ita a sitiyari, Mai Tirela a gefenta, ni a baya. An ɗauke ruwa ke nan, ganye yana ta ɗiga. Mun wuce wani wurin raɓewa da kaɗan, jifa ɗaya ba ta kai ba, sai ga wata tsohuwar mota ruwan toka tana gangarowa daga tudu. Da farko na zaci ba kowa a ciki sai wani ƙaton kare a kujerar gefe. Sai da ta matso na ga farin gashi da tabarau sun ɗan leƙo ta saman sitiyari.

Yaya ta taka birki, ta ja birkin hannu, ta kashe inji, ta harɗe hannuwa, ta yi murmushi.

Tsohuwar ma ta kashe inji, ta harɗe hannuwa, ta yi murmushi.

"Ikon Allah," in ji Mai Tirela. "Yau kar ta san kar."

Yaya ta ƙara faɗin murmushin. Tsohuwar ta sunkuya, ta ɗauko zare da kwarashi ta hau saƙa.

"Auta, miƙo mini fulas ɗin nan."

Na miƙa mata. Ta tsiyaya shayi a murfi tana kurɓa a hankali, tana kallon tsohuwar ta saman murfin. Karen ya kafa wa Mai Tirela ido. Ni dai na rasa inda zan sa kaina, dariya tana cina, tsoron bakin Yaya yana hana ni.

"Maman yara," in ji Mai Tirela, "ga wurin raɓewa nan a bayanki. Sauko in ja miki ita, ko numfashi biyu ba zan yi ba."

"Da wane lasin? A kama ka a motata aikina ya tafi? Zauna."

Bai zauna ba. Abin nema ya samu, ya daɗe hannunsa yana ƙaiƙayin sitiyari. Ya fita, ya gyara hula, ya nufi tsohuwar. Da guntun yare da dogon nuni ya nuna mata cewa shi direban manyan motoci ne, in ta yarda zai ja mata motar baya. Tsohuwar ba ta yi musu ba. Ta tattara saƙarta ta fito ta tsaya a gefe, 'yar mitsitsiya da ita, cikin wata siririyar rigar sanyi.

Ya shiga, ya tura kujera baya, ya gyara madubi, ya yi mana wani kallo ta gilashi irin na ku buɗe ido ku sha kallo. Ya tayar da inji, ya kama giya. Motar ta yi wani gurnani. Ya sake turawa. Ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Karen ya lashe masa kunne. Ya ture shi, ya kama giyar da hannu biyu, gumi ya keto masa duk da sanyin nan.

Sai a lokacin tsohuwar ta ƙwanƙwasa gilashi ta yi masa magana. Yaya ta sauke nata gilashin tana saurare, na ga ta ajiye murfin shayin.

"Me ta ce?" na tambaya.

"Wai motar ba ta da ribas. Tun shekarar da mijinta ya rasu ya lalace. Wai a gidanta akwai bishiya a tsakar fili, zagaya ta take yi ta fito."

Kafin mu gama mamaki, tarakta ta gangaro da lodin ciyawa ta tsaya a bayan motar tsohuwar. Bayan taraktar kuma, sai ga tankar madara da ƙaton nan mai jar fuska. Ta bayanmu mai raba wasiƙu ya iso, ya leƙo, ya ja motarsa ya soke ta a bakin wata gona, ya taho da sassarfa yana murna kamar an yi masa haihuwa.

"Yau ce ranar!" ya ce. "Mun daɗe a kanti muna gardamar abin da zai faru in ku biyun nan kuka haɗu."

Aka yi shawarar a tura motar tsohuwar da hannu, amma tudu ne a bayanta, ga tarakta, ga tanka. Ɗaya bayan ɗaya idanu suka dawo kan motar ruwan ɗorawa.

Yaya ba su take kallo ba. Tsohuwar take kallo, wadda ta fara karkarwa a tsaye, leɓɓanta sun sauya launi. Sai ta fita, ta cire mayafinta mai kauri ta lulluɓe ta, ta cika murfin fulas ta danƙa mata a hannu, ta yi mata faɗa a kan fitowa da wannan 'yar rigar. Sannan ta dawo.

"Auta, fita. In zan faɗa rami, in faɗa ni kaɗai."

Na fita. Mai Tirela ya zo taga. Na jira in ji baƙar magana, amma sai ya rage murya.

"Maman yara, manta da dama da hagu. Zan tsaya a bayanki. Ki neme ni a madubi, ni ne falwayar. Inda hannuna ya nuna, can za ki murɗa, kaɗan-kaɗan. Kada ki saurari kowa sai ni."

Ta kalle shi, ta gyaɗa kai. Ta yi bisimilla da ƙarfi har mai tarakta ya cire hularsa.

Motar ta fara ja da baya kamar mai ciwon ƙugu. Mai Tirela yana tafe da baya-baya, hannunsa sama. Mai wasiƙu yana ihu da yarensu, mai tarakta yana nasa, karen yana haushi, ni ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Bayan motar ya goge shinge, ganye ya zubo. Ta tsaya, ta gyara, ta ci gaba.

"Haka! Haka, 'yar albarka! Kaɗan kuma, kaɗan..."

Sai muryar ta yanke. Muka ji tsulum. Ya manta cewa shi ma yana da baya. Yaya ta taka birki.

"Ina ya shiga? Auta, ina mijina?"

Daga cikin lambatu, ruwa har ƙugu, hannu ɗaya ya ɗago yana nuni. "Kada ki tsaya! Ci gaba! A'a, ci baya! Ci baya nake nufi!"

Da hannun nan da ke leƙowa daga rami ta ƙarasa. Motar ta shiga wurin raɓewa a karkace, madubin gefe yana lilo da reshe a maƙale. Aka ɗauki tafi. Mai tankar madara ya danna hon ya riƙe, har tumakin gonar gefe suka watse.

Mai Tirela, muna jawo shi ni da mai wasiƙu, laka har wuya, ya ce, "Kun ji ko? Shi ya danna, ba wanda ya kayar da shi."

Tsohuwar ta wuce a hankali, ta tsaya daidai tagar Yaya ta miƙa mata mayafin. Yaya ta ce ta riƙe, ta kuma tambaye ta wa ke duba ta a gida. Keken ɗinkin kuwa, da muka isa mun tarar an sayar tun da safe.

Labari bai kwana ba. Ranar Litinin Yaya ta haɗu da tankar madara a wata kwana. Ƙaton ya tsaya, ya kashe inji, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya yi mata murmushi. Ta ce mini ta zage shi tas da Hausa, fuskarta ɗauke da fara'a, sannan ta sa ribas. Yanzu tana yi. Tafiyar ƙaguwa ce, kuma shingen yankin duk sun san fentin motarta, amma ba ta sake shiga lambatu ba.

Shi kuwa Mai Tirela, maganar motar tsohuwar ta tsaya masa a rai. Ya ce bai taɓa barin mota da ciwo ba. Duk Lahadi Yaya ta sauke shi a gidan da akwatin sifanoni, ya kwanta ƙarƙashin motar, karen ya kwanta kusa da shi, tsohuwar tana zaune a kujera tana saƙa tana ba shi labarin da rabinsa kawai yake ganewa. Ita kuma Yaya, tunda ta zo, sai ta duba mata ƙafa ta wanke mata gashi. Da ƙyar aka samo ƙarfen da ya lalace daga wani wurin tsofaffin motoci. Ranar da ya gama, ya zagaya filin da baya don ta gani da idonta, ya fito ya buɗe mata ƙofa.

Tsohuwar ta shiga, ta gyara tabarau, ta sa ribas, ta taka totur yadda ta saba takawa in za ta hau tudu. Motar ta yi tsalle da baya ta shige akurkin kajinta, ta fito ta ɗaya gefen da rufin a kanta. Ba kazar da ta mutu, amma sun yi fushi, sun daɗe ba su yi ƙwai ba.

Ta fito, ta cire gashin kaza daga kafaɗarta, ta dafa hannunsa.

"Ɗana, na gode ƙwarai," ta ce. "Yanzu ka mayar mini da ita yadda take."

Lahadin da ta biyo baya ya koma ya kwance abin da ya ɗaura. Sauran Lahadin watan kuma a gyaran akurki suka ƙare.